Muna zaune dab da tashar nukiliya, ga ciki ga ƙaramin yaro: in koma gida ko in zauna?

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Kano ce, shekarata 29. Bara maigidana ya samu aikin jinya a wani asibiti a Ingila, ya ɗauko mu ni da ɗanmu mai shekara 3. Garin ƙarami ne a bakin teku, kuma gidan hayar da muka samu yana da sauƙin kuɗi. Sai da muka tare na gane cewa manyan gine-ginen da nake hangowa ta tagar bene tashar wutar lantarki ce ta nukiliya. Ban damu sosai ba, sai ranar da nake gyara durowar kicin na ci karo da wani kwalin ƙwayoyi da takarda, an rubuta cewa na sha ne idan an samu hatsari a tashar. A daren na shiga intanet, na ga wani bincike da aka yi a Jamus da ya ce yaran da ke zaune kusa da irin waɗannan tashoshi sun ninka sauran yara kamuwa da sankarar jini. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini.

Yanzu ina da ciki wata 5. Gwaggona da ta riƙe ni ciwon dajin mama ne ya yi ajalinta shekara 2 da suka wuce, kuma ni na yi jinyarta har ƙarshe. Na daina buɗe taga, na daina fita da yaro waje, na daina shan ruwan famfo, kifi ma na daina saye. Umma ta ce in tattaro in dawo gida in haihu, kada in zauna a kashe mata jikoki. Maigida kuwa ya ce tsoro ne kawai da sharrin waya, Allah ne ke tsarewa, bizarmu a ɗaure take da aikinsa, kuma saura wata 7 hayar ta ƙare. Yanzu sai mu wuni ba mu yi wata magana ta kirki ba. Anti, in koma gida ko in zauna?

Maman yaro, daga Ingila

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa jinyar da kika yi mata ta zame miki mizani. Bari in fara ba ki amsar a dunƙule don ki samu ki numfasa, sannan mu warware ta a hankali: ban ga dalilin da zai sa ki ɗauki cikin wata 5 ki bar ƙasar saboda wannan tasha ba. Amma kuma ba zan ce miki sharrin waya ne ba, domin binciken da kika karanta gaskiya an yi shi, kuma masana sun shafe shekaru suna kai-komo a kansa. Abin da ya faru shi ne kin samu kan labarin da tsakar dare, ke kaɗai, babu wanda ya ba ki sauransa.

Ga sauran. An fitar da sakamakon binciken na Jamus a ƙarshen 2007. An duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 da ke zaune a kewayen tashoshin nukiliya 16, daga 1980 zuwa 2003. A cikin waɗanda gidajensu ba su wuce kilomita 5 daga tasha ba, an samu yara 37 da suka kamu da sankarar jini, alhali a lissafi 17 ake sa ran gani. Daga nan maganar ninki biyu ta fito. Ki lura da girman abin: ƙarin yara 20, cikin shekara 24, a kewayen tashoshi 16 na ƙasa guda. Kowane ɗaya a cikinsu ɗan wata uwa ne, ba na raina shi. Sai dai uwar da ta karanta “ninki biyu” da ƙarfe biyun dare gani take kamar rabin yaran unguwa ne ke kwance a asibiti, kuma ba haka ba ne. Sankarar jini a yara ciwo ne da ba kasafai ake samunsa ba. A cikin yara 10,000 'yan ƙasa da shekara 5, wanda ke kamuwa a shekara bai cika ɗaya ba. Ko da an ɗauki sakamakon Jamus a yadda yake, an ninka, ba a kai biyu a cikin 10,000 ba.

To, tururin nukiliyar tashar ne ya jawo ƙarin? Nan ne aka yi ta muhawara. Hukumar da ke ba gwamnatin Jamus shawara kan kariya daga tururin nukiliya ta zauna a kan sakamakon, ta ce abin da ke fitowa daga tashoshin ya yi ƙasa da abin da zai iya haddasa wannan ƙari da fiye da sau 1,000. Su kansu masu binciken nisan gida daga tasha suka auna, ba su auna abin da ya shiga jikin kowane yaro ba. Sauran ƙasashe suka koma suka duba nasu. A Suwizalan, a 2011, ba a ga wata alaƙa ba. A Faransa, a 2012, an ga ɗan ƙari a cikin kilomita 5 tsakanin 2002 da 2007, amma da aka jera gidajen bisa yawan tururin da ake ƙiyasin ya isa gare su sai ƙarin ya ɓace. Wanda ya fi shafarki shi ne na ƙasar da kike ciki. Birtaniya tana da kwamiti mai zaman kansa da ake kira COMARE, wanda aka kafa a 1985 don irin wannan tambaya taki. A rahotonsa na 2011 ya duba shekara 35 na bayanan yara a kewayen tashoshin wutar nukiliya 13 na ƙasar, bai ga ƙarin sankarar jini da za a dogara da shi ba. A 2025 ma masu bincike na Kwalejin Imperial da ke Landan sun sake dubawa, daga 1995 zuwa 2016, suka fito da amsa iri ɗaya.

Dalilin kafa kwamitin ma ya kamata ki san shi, don kada ki ci karo da shi wani dare ki sake firgita. A 1983 wani shirin talabijin ya fallasa cewa a ƙauyen Seascale, kusa da Sellafield a arewa maso yammacin Ingila, yara sun kamu da sankarar jini fiye da ƙima. Abin ya tabbata. Sai dai Sellafield a lokacin wuri ne na sarrafa tsohon makamashin nukiliya, wanda abin da yake zubarwa a teku a shekarun 1970 ya fi na kowace tashar wuta nesa ba kusa ba, kuma ko a can lissafin tururin bai kai ya bayyana yawan yaran ba. Wani masani mai suna Leo Kinlen ya kawo wani bayani a 1988: idan aka kwaso dubban baƙin ma'aikata daga birane aka zuba su a ƙauyen da ke keɓe, sukan zo da ƙwayoyin cuta da yaran wurin ba su saba da su ba, kuma a ɗan tsirarun yara hakan kan iya zama silar sankarar jini. An ga irin wannan ƙari a sababbin garuruwan da babu ko ƙyallin nukiliya, har da wuraren da aka tsara gina tasha amma ba a gina ba. Masana da yawa sun karkata ga wannan bayani, ko da yake ba a kama ƙwayar cutar da hannu ba tukuna. Akwai kuma 'yan tsiraru da har yau suke ganin da sauran magana a kan tashoshin. Ni dai da na auna, nauyin hujja yana wajen waɗanda suka ce zama kusa da tashar da ke aiki lafiya ba ya ƙara wa yaro haɗarin da za a iya gani.

Abin da ya sa na tsaya a nan shi ne awo. Ana auna abin da jiki ke sha na wannan tururi da ma'aunin da ake kira milisibat. Babu ɗan'adam da ba ya shansa, ko a Kano ko a Makka, domin yana fitowa daga ƙasa da duwatsu, daga sararin sama, har daga abincin da muke ci. Matsakaicin abin da mutum ke samu daga waɗannan hanyoyi na halitta a duniya milisibat 2.4 ne a shekara a ƙiyasin 2008. Mazaunin Birtaniya, in an haɗa da hotunan asibiti, yana samun kimanin 2.7. Doka ta hana duk wata tasha ta ƙara wa maƙwabtanta fiye da milisibat 1 a shekara, kuma abin da ake aunawa a zahiri a kewayen tashoshin wuta ɗan ƙanƙanin kaso ne na wannan 1 ɗin, ko ga mutumin da ya fi kowa cin kifin wurin da yawo a bakin ruwansa. Tafiya guda a jirgin sama daga Landan zuwa Amurka tana ba mutum kimanin 0.08. Hoton asibiti na CT na ƙirji sau ɗaya ya haura 6. Mutanen yankin Cornwall da ke kudu maso yammacin Ingila, inda babu tashar nukiliya ko ɗaya, suna shan kusan 7 a shekara daga iskar da ke fitowa daga duwatsun ƙarƙashin gidajensu. Ma'aikacin da ke shiga cikin tashar kullum ma, matsakaicin abin da aikin ke ƙara masa bai kai rabin milisibat ba. Kuma ba sai kin yarda da bakin masu tashar ba: hukumomin muhalli da na abinci suna ɗibar madara, kifi, ciyawar teku, ƙasa da ruwa a kewayen kowace tasha, suna wallafa sakamakon duk shekara a wani rahoto da ake kira RIFE. Yana intanet kyauta, kuma akwai babin tasharku a ciki.

Yanzu ƙwayoyin da kika gani a durowa. Na san su ne suka kaɗa miki hantar ciki, domin mutum zai ce in babu haɗari me ya kawo magani? Dokar ƙasar ce ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta yi shirin ko-ta-kwana a kewayen kowace tasha, kuma raba waɗannan ƙwayoyi yana cikin shirin. Aidin ne, danginsa ɗaya da wanda ake sa wa a gishiri don hana maƙoƙo. Idan aka yi babban hatsari, cikin abin da ke fita har da wani aidin mai guba, kuma halittar nan ta gaban wuya, wadda kumburinta ne maƙoƙo, tana zuƙe duk aidin da ta samu. In an riga an cika ta da mai kyau, sai mai gubar ya rasa wurin zama. An koyi wannan darasi da tsada a hatsarin tashar Chernobyl ta Yukren a 1986, inda hukuma ta yi nawa wajen faɗa wa mutane gaskiya, yara suka yi ta shan madarar shanun da suka ci gurɓatacciyar ciyawa, har aka samu fiye da 6,000 da suka kamu da sankarar wannan halitta zuwa 2005. A Ingila kuwa, da aka yi gobara a Windscale, wato Sellafield ɗin da na ambata, a 1957, an hana sayar da madarar gonakin yankin aka zubar da ita. Don haka ki duba ranar lalacewar ƙwayoyin, in sun tsufa ki kira lambar da ke jikin takardar a sauya miki, ki ajiye su inda hannun yaro ba zai kai ba. Kada ki kuskura ki sha ko ki ba yaro don riga-kafi. Ba sa kare komai a ranar da babu hatsari, kuma yawan aidin yana iya taɓa jaririn da ke cikinki. Sai hukuma ta yi sanarwa ake sha. Ki karanta takardar ke da maigida sau ɗaya, da rana: a shiga gida, a rufe ƙofa da taga, a saurari sanarwa. Iyakarta ke nan.

Ba zan ce miki hatsari ba ya yiwuwa ba. Amma ki dubi na Fukushima a Japan a 2011, wanda girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka haddasa. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, bayan shekara 10 yana bibiya, ya ce bai samu wata cuta a jikin mazauna yankin da za a jingina kai tsaye ga tururin ba. Waɗanda aka rasa da yawa, fiye da mutum 2,000 kuma galibinsu tsofaffi, wahalar kwashe su da zaman gudun hijira da damuwa ne suka ci su. Na kawo wannan ne saboda gudu ma yana da nasa farashin, kuma ke yanzu kin fara biya tun ba ki je ko'ina ba.

Ina nufin rufe tagogin nan. Ƙanwata, a duk wasiƙarki wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Iskar da na ambata ta Cornwall sunanta radon, daga ƙasa take fitowa ta taru a ɗakin da ba ya shan iska, kuma ita ce kusan rabin duk tururin da mazaunin Birtaniya ke sha. Ana danganta mutuwar mutum sama da 1,000 a shekara da ita a ƙasar, ta hanyar sankarar huhu. Wato in ma akwai tururin da ya cancanci ki kula da shi a gidanki, daga ƙarƙashin daɓe yake shigowa, kuma rufe taga ƙara shi yake. Ga kuma laimar gidajen Ingila: kwana kaɗan in ba a buɗe taga ba sai ki ga baƙin fumfuna ya fara tofo a kusurwar bango da bayan labule, shi kuwa ƙirjin yaro yake kamawa. Sannan na san mu, da wuya a ce babu kaskon turaren wuta a gidan 'yar Kano, ko a ina take. Garwashin gawayi a ɗakin da aka toshe ko'ina yana fitar da iska mai guba marar wari, wadda kan kashe mutum a cikin barci, kuma mai ciki da ɗan tayinta sun fi kowa saurin jigata da ita. In za ki yi turare ki yi da na lantarki, taga a buɗe, ki kuma tabbatar akwai na'urar da ke ƙara idan wannan iska ta taru. Game da radon, hukumar kare lafiyar jama'a ta ƙasar, UKHSA, tana da taswira a intanet da za ki sa lambar unguwarku ki ga ko yankinku na cikin masu yawanta, tana kuma aiko da 'yan na'urori biyu da ake ajiyewa a falo da ɗakin kwana na wata 3 a mayar mata ta auna. 

Ruwan famfon ma ki koma sha. Ita tashar, ruwan teku take ja don sanyaya injinanta ta mayar da shi teku, ruwan famfonku kuwa ba daga teku yake zuwa ba, kuma ana gwada shi a kai a kai. Kifi yana da amfani ga mai ciki, sai 'yan nau'o'in da ungozoma za ta ce ki guje musu saboda wani dalili daban. Yaro kuma a fitar da shi. Ɗan shekara 3 da aka kulle a gida wata da watanni, a ƙasar da rana ke rowa, ga fatarmu baƙa ga sutura, ƙarancin sinadarin bitamin D ne ke jiransa, ke ma haka. Shawarar hukumar lafiyar ƙasar ita ce mai ciki da ƙananan yara su riƙa shan maikirogiram 10 kullum. Ki tambayi ungozomarki.

Sai maganar Umma. Kada ki ga laifinta ko kaɗan. Tana Kano, 'yarta tana kuka a waya, ta ji kalmar nukiliya wadda ba ta taɓa jin ta ba sai a labarin yaƙi da bama-bamai. Duk uwar kirki abin da za ta ce ke nan. Kuma akwai abin da take miƙo miki da Ingila ba za ta ba ki ba: ruwan wanka, kunun kanwa, hannun da zai karɓi jariri ki runtsa. Ina jin rabin son komawar taki ma kewar wannan ce, kuma ba abin kunya ba ne. Amma in don tsira daga haɗari za ki tafi, to a auna da gaskiya. Wanda ya jima a ƙasar da babu sauro, kariyar da jikinsa ya saba da ita daga zazzaɓin cizon sauro takan ragu, kuma zazzaɓin ya fi tsanani ga mai ciki: yana kawo ƙarancin jini, ɓari, da haihuwar bakwaini. Shi ya sa likitocin can ke ba masu ciki shawarar su ɗage irin wannan tafiya in da hali. A Najeriya, cikin yara 1,000 da aka haifa, fiye da 100 ba sa kai shekara 5. A Birtaniya ba su kai 5 ba. Na san wannan matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya, kuma gidan da ke da halin asibiti mai kyau bai kai haka ba. Duk da haka tazarar ta yi faɗin da ba za a kwatanta ta da ɗaya ko biyu cikin 10,000 ba. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. In kin ƙudura sai kin je don wasu dalilan, haƙƙinki ne ku tattauna da maigida, amma ki fara ganin likita a kan maganin riga-kafin zazzaɓi, ki kuma sani yawancin kamfanonin jirgi suna neman takardar likita daga mako 28, ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako 36. Wata hanyar ita ce a juya tafiyar: a nema wa Umma bizar ziyara ta zo wankan jego. In hakan za a yi, yanzu ne lokacin fara haɗa takardu. Kuma idan za ki kira ta, ki kira ranar da hankalinki ke kwance, ki ce mata kin bincika, hukuma tana auna wurin, likita ya san da zamanku. Muryarki take saurare fiye da bayaninki.

Maigida kuma, ina so ki ba shi wannan sakin layi ya karanta. Malam, a kan ilimin abin kana da gaskiya, kuma nauyin da ke kanka ba ƙarami ba ne: aikin dare, haya, biza, ga 'yan'uwa a gida suna jiran aike. Amma kai ma'aikacin jinya ne. Da majinyaciya ce ta zo maka da ciki wata 5, ba ta barci, ta daina fita, ta daina cin wasu abinci, ba za ka ce mata sharrin waya ne ka juya baya ba. Za ka ja kujera ka zauna. Matarka ta fi cancantar wannan kujerar. Allah ne ke tsarewa, babu ja, amma wanda ya koya mana tawakkali shi ne ya ce a ɗaure raƙumi tukuna. Ɗaurin raƙuminka a nan bai fi ka ware yamma ɗaya ku buɗe rahoton tasharku tare ba, ka yi odar na'urar radon, ka raka ta awo na gaba. Akwai kuma zaman da wakilan tasha da hukumar sa ido da mutanen gari ke yi lokaci zuwa lokaci, wanda kowa na iya halarta ya yi tambaya. Ku je sau ɗaya, ta ga fuskokin mutanen da suka haifi 'ya'ya da jikoki a garin.

Ku kuma raba abu biyu da kuka cakuɗa. Bizarku da aikinsa take ɗaure, ba da gidan ba. Sauya gida a gari ɗaya ko garin da ke maƙwabtaka bai taɓa aikinsa ba, illa ku sanar da sabon adireshi. Ku duba takardar hayar ko akwai sharaɗin da ya ba da damar fita kafin wa'adi. In babu, wata 7 ba shekara 7 ba ne. Ko a binciken Jamus ɗin da ya tsorata ki, ƙarin a cikin kilomita 5 ya taru, don haka in kun matsa kilomita 8 ko 10 kin fita daga da'irar gaba ɗaya. Ba na ganin lafiyar yaran tana buƙatar wannan ƙaura. Amma in bayan duk bayanin nan har yanzu gabanki na faɗuwa duk sanda kika ɗaga labule, kwanciyar hankalin uwa dalili ne mai zaman kansa, kuma ya isa a ƙara 'yan fam a haya saboda shi. Sai dai ku yi lissafin ƙarin kuɗin da nisan wurin aikinsa da idon basira, kada ku ɗauko abin da zai kawo sabon faɗa. Ni da za ki bi tawa, ki bari sai kin haihu kin yi arba'in kafin ku yanke.

Na bar maganar Gwaggo sai yanzu da gangan. Ke kika ga abin da ciwon nan ya yi mata, ke kika riƙa juya ta, ke kika ji nishinta da dare. Ba a yi shekara biyu ba aka ɗauke ki aka kai ƙasar da ba ki da kowa, ga sanyi, ga ciki. Ina kyautata zaton tsoron nan ya riga tashar zuwa, ita dai ta ba shi wurin sauka ne. In haka ne, ko kun koma wani gari zai iya bin ki ya kama wani abin, yau na'urar ɗumama abinci, gobe turken waya. Saboda haka a awonki na gaba, ko ma ki kira kafin ranar, ki faɗa wa ungozoma abin da kika faɗa mini ba tare da ragi ba: ba kya barci, kin daina fita, tunanin ciwon daji ba ya barinki. Damuwa mai tsanani lokacin goyon ciki abu ne sananne a wurinsu, suna da ma'aikata na musamman a kansa, kuma neman taimako ba ya sa a ɗauke ki marar hankali ko a taɓa miki yaro, kamar yadda matanmu da yawa a can ke tsoro. In Turancin yana miki nauyi a irin wannan magana, ki nemi a kawo tafinta, kyauta ne. Ki kuma gaya wa likitanku cewa 'yar'uwar mahaifinki ta rasu da ciwon dajin mama, da shekarunta lokacin da ya kama ta, da ko akwai wasu a dangi. Gadon wannan ciwo yana iya biyowa ta wajen uba kamar yadda yake biyowa ta wajen uwa. Sau da yawa mutum ɗaya a dangi ba ya nufin komai, amma likita ne zai tantance ko kina buƙatar a fara duba ki da wuri.

Shi kuma yaro, kada ki mayar da shi abin bincike kullum safiya. In kin ga zazzaɓin da ya ƙi tafiya, ko kasala da ɗashewar tafin hannu da cikin ido, ko tabon taruwar jini ba tare da ya buge ba, ki kai shi a duba kamar yadda kowace uwa za ta yi a kowane gari. In ba haka ba, ki sa masa rigar sanyi ku fita. Ki tambayi maigida ko akwai wasu matanmu a asibitinsu ko a masallacin da yake Juma'a, domin zaman kaɗaici yana ƙara wa kowane tsoro kaifi. Idan sakamakon radon ya fito, ko kun karanta rahoton kun ci karo da lambar da ba ku gane ba, ki sake rubuto mini mu duba tare. Allah ya raba lafiya, ki gaishe mini da Umma.